Shugaba Mai Zafi Ne Ke Fitar Da Ɗalibai?

Baffa: Na faɗa a majalisa jiya, zan maimaita nan: kwaleji ba ta gyaruwa sai da shugaba mai zafi. Ku dubi makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka buɗe a 1977. Ana kaɗa ƙararrawa kowa ya shige aji, karatun dare ba fashi. Likitoci da injiniyoyi nawa suka fito daga can?

Malama: Allah ya ƙara girma, Baffa, amma ai sai yaro ya ci jarrabawar shiga ake ɗaukarsa can. Zaɓaɓɓen iri aka shuka, ga ɗakin gwaje-gwaje, ga malamai. Zafin shugaba bai kai rabin labarin ba.

Baffa: Iri mai kyau ma in ba a yi noma ba ciyawa ce ke cinye shi.

Ɗan Auta: Baffa, a yi mini afuwa. A kwalejin ilimin da na yi NCE, wato karatun shaidar malanta, mun ga mai zafin. In ya taho malamai har sauya hanya suke yi. Amma sakamakonmu na zangon farko sai da muka kusa gama na biyu ya fito, don ba mai iya tunkararsa ya ce ga inda aka maƙale. Abokina bai san ya faɗi kwas ba sai da lokacin gyara ya wuce. Shekara uku ta koma huɗu, mahaifinsa ya sayar da buhun riɗi biyu.

Kawu: To wa ya ce a kawo mai sanyin da malami zai sayar da handawut dole, shi yana ofis yana shan iska?

Malama: Ba wanda ya ce, Kawu. Wanda nake nufi shi ne mai zagaya azuzuwa da ƙafarsa ƙarfe takwas, ya ga wa ya shiga wa bai shiga ba, sannan ya zauna da shugabannin sassa ya ji kukansu. Tsoron mutum daban, sanin zai leƙo daban.

Baffa: Ai wannan shi nake kira mai zafi.

Ɗan Auta: Namu bai taɓa leƙa aji ba, Baffa. Tsawa kawai, daga bakin mota.

Kawu: Ni dai bana ɗiyata za ta nemi Kwalejin Ilimi ta Gumel. Wanda ya san yadda ake can ya same ni bayan la'asar.