Hayaƙin teburin plasma: ruwa zan zuba ko fanka zan sa?

Mai_Walda:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Na haɗa teburin yankan plasma (injin da ke yanka ƙarfe da wutar lantarki da iska mai ƙarfi) wata biyu ke nan, yankan kam ba laifi, amma hayaƙin ya ishe ni wallahi, minti goma ana yanka sai shago ya turnuƙe, da yamma in na fyace hanci baƙi ƙirin. Na sa fankar tsaye sai ma ta watsa shi ko'ina. Ruwa zan zuba a ƙarƙashi ko kuwa?

Baba_Makeri:
Wa alaikumus salam. Yaro zuba ruwa ka huta. Ka yi masa kwami a ƙarƙashin sandunan da farantin ƙarfen da ake yankawa ke zama, ruwan ya kusa taɓa ƙarfen, yawancin ƙurar a ciki za ta mutu, ga shi faranti mara kauri ba ya lanƙwashewa saboda zafi. Sai dai tsatsa, dole ka sa maganinta a ruwan, kuma ka riƙa kwashe dagwalon da ke taruwa a ƙasa, aiki ne mai ƙazanta ba na ɓoye maka ba.

Injiniya_CNC:
Baba ya faɗi gaskiya amma akwai sharaɗi. Me kake yankawa malam? In alminiyam ne ka yi hattara, shi da ruwa suna fitar da iskar haidirojin, ta taru a ƙarƙashin faranti musamman in ya kwana a kan teburin, da safe ka kunna tocin yankan, wato bakin da wutar ke fitowa, sai dai ka ji fam! Shi ya sa wasu suke shimfiɗa bututu mai huji-huji a ƙasan kwamin, iskar kwampreso tana motsa ruwan don kada haidirojin ta taru. Ɗaya hanyar ita ce fanka mai zuƙo hayaƙin ta ƙarƙashin tebur ta kai shi filta, amma babban tebur sai an raba shi gida-gida, inda tocin yake nan kawai zai buɗe, in ba haka ba ƙarfin zuƙar ya tafi a banza. Kuma a sa abin tare tartsatsi kafin filta, don tana kamawa da wuta.

Mai_Walda:
Tabɗi, ban san wannan ba. Baƙin ƙarfe ne yawanci, wani lokaci sitenles (ƙarfe mara tsatsa) da galbanaiz (mai rufin zink).

Injiniya_CNC:
To ruwa zai yi maka. Amma waɗannan biyun su ne abin tsoro, sitenles yana fitar da wani nau'in kuromiyam da ke jawo kansar huhu, galbanaiz kuma hayaƙin zink ne, shi ke sa zazzaɓi da ciwon jiki cikin dare mutum ya zaci mura ce. Ruwa ba ya kama komai, don haka fankar nan taka ka mayar da ita bakin taga tana fitar da iska waje, sannan ka nemi takunkumi mai filtar P100 mai tare ƙura komai ƙanƙantarta, na takarda ba zai wadatar ba.

Baba_Makeri:
Madarar da yara ke sha bayan yankan galbanaiz ma ba ta tare komai, mun sha ta shekaru a banza.