Neman shawara: sandar akeid don tsohuwar Sega Mega Drive

Mai tambaya, Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da Mega Drive II, kuma ina son haɗa mata hannu irin na akeid, wato manyan injinan gem na gidajen wasa, saboda gem ɗin faɗa Street Fighter II. Na sayi sanda Sanwa JLF, maɓallai takwas da ƙaramin fanel mai USB. Yanzu na ga bakin Sega ƙafa tara ne. Ko akwai yadda zan yanke wayar USB ɗin in haɗa ta da filogin Sega?

Mai gyaran lantarki, Ƙofar Ƙaura: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka yanke, asara za ka yi. Fanel ɗin USB da kwamfuta yake magana, Sega ba ta san yarensa ba. Ajiye shi.

Nemi hannun Mega Drive mai maɓalli shida, ko da ɗan China ne, ka kwance shi ka ɗauki fanel ɗinsa da wayarsa. Kowane wurin dannawa gida biyu ne: ɗaya nagatif na kowa da kowa, ɗaya na maɓallin kaɗai. Sa mitar gwajin lantarki a wurin da take ƙara in layi ya haɗu, ka ɗora tsinke ɗaya a ƙafa ta 8 ta filogin hannun, wadda ita ce nagatif, ka bi gidajen da ɗayan. Wanda ya yi ƙara nagatif ne, ba shi za ka yi wa dalma ba. Ɗaya gidan za ka kankare baƙin da ke kansa a hankali da reza har jan ƙarfe ya fito, sannan ka liƙa siririyar waya. Dalma ba ta kama baƙin nan, shi ya sa da yawa wayarsu ke ɓallewa bayan kwana biyu. Ka kuma ɗiga gam mai zafi a kai, don in an ja wayar kaɗan sai ta ɗago layin jan ƙarfen gaba ɗaya.

Waya 12 ke nan daga fanel ɗin zuwa sandar da sababbin maɓallanka: sama, ƙasa, hagu, dama, A, B, C, X, Y, Z, Start da Mode. Sai wayar nagatif guda daga fanel ɗin da za ta bi sandar da maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Ƙafa ta 5 wuta ce, bolt 5. Kada ta taɓa nagatif.

Ɗan'uwa daga Daura: Allah Ya saka wa Malam. Ƙari ɗaya wajen saye: hannun ƙananan gem ɗin nan masu kwaikwayon Famicom, tsohuwar na'urar gem ta Nintendo, shi ma filoginsa ƙafa tara ne, zai shige bakin Sega tsaf, amma ba zai yi aiki ba don tsarin cikinsa daban ne. Gwada hannun a kan na'urarka kafin ka kwance shi. Kuma kada ka karɓi mai maɓalli uku, sai ka riƙa danna Start kana sauya naushi da shuri a tsakiyar faɗa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To akwatin da zan ɗaura sandar da maɓallan fa? Filawud milimita 18 kafinta ya ce zai sa.

Mai gyaran lantarki: Kaurin ya yi yawa in maɓallanka OBSF-30 ne, masu kunnuwa biyu da ke maƙalewa. Don faranti siriri aka yi su, kamar milimita 3. Ko kafinta ya rarake katakon ta ƙasa, ko ka ɗora farantin roba a sama ya riƙe su. Ramin manya milimita 30, na ƙananan Start da Mode 24. X, Y, Z a layin sama, su ne naushi. A, B, C a ƙasa, shuri. Wurin sandar ma a rarake, in ba haka ba za ta fito gajera.

Ɗan'uwa daga Daura: Kada ka dogara da launin wayoyi biyar na sandar, yadda ka juya ta wajen ɗaurawa ne ke sauya wacce ce sama. Tura sandar, mita ta nuna maka. Mode kuma kada ka bar shi: wasu tsofaffin kaset kamar Golden Axe II suna rikicewa da hannu mai shida, sai ka danne Mode yayin kunnawa. Lokacin hunturu a rufe akwatin da ƙyalle, ƙurarmu tana shiga ta ramin sanda ta haɗu da man ciki ta zama laka. In ta fara nauyi, goge ƙwallon gindinta ka shafa man silikon kaɗan, ba baƙin mai ba, don yana cin roba.