Rumbu a buɗe? Da kuma kalmar "caractère"

Mai fassara: Salamu alaikum. Ranar Alhamis za a watsa shirin manoma kan irin gero da aka adana a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, wanda kowa ke iya duba bayanansa a Genesys, shafin intanet na bayanan iri. Daga Faransanci nake fassara shi. "Base de données" na sa rumbun bayanai. "Ouverte" da "caractère" ne suka tsaya mini a wuya.

Ɗan Tarna: Wa alaikumus salam. Kada ka ce buɗaɗɗen rumbu, manomi zai ji awaki sun shiga. Ka ce rumbun kowa da kowa. "Caractère" kuwa, siffa.

Malama ta jami'a: Siffa ta ɗauki tsawon zangarniya da launin tsaba. Amma jure ƙuduji fa? Ko saurin nuna irin na geron da ake kira HKP? Wannan hali ne, ido ba ya ganinsa sai damina ta gwada.

Ɗan Tarna: Hakane Malama, sai dai a rumbun layi ɗaya suke. Kuma sunan kaɗai bai isa ba. A tsarin Crop Ontology, wato ƙamus ɗin da masu bincike ke bi wajen rubuta bayanan iri, kowane bayani ƙafa uku gare shi: abin da aka auna, yadda aka auna, da ma'auni. Ɗauki kwanakin fure. Ana rubutawa ranar da rabin shukar fili ta yi fure, amma wani daga ranar shuka yake ƙirga, wani daga ranar tsiro. Ka haɗa su ba bayani, iri ɗaya ya koma biyu. Haka nauyin tsaba 1000: a giram, bayan ta bushe. In da danshi aka auna, ruwa aka auna. Dami da tiya ba su shiga, sai an mai da su kilo a eka.

Baba na Tibiri: Siffa Larabci, hali Larabci, bayani Larabci. Hausa ta ƙare ne? Ku ce gadon iri. Abin da iri ya gada daga uwarsa.

Malama ta jami'a: Ranka ya daɗe, ba duka ne gado ba. Iri ɗaya a jigawa da fadama tsawonsa ya bambanta. Gado mu bar wa "génétique".

Baba na Tibiri: Ke dai abin da gidajen rediyon Kano suka faɗa kuke kwasa. Mu Gobirawa ba mu aron baki.

Ɗan Tarna: Baba, rumbu dai a ƙofar gidanku yake, ba a Kano ba.

Baba na Tibiri: Rumbun na yarda. Bayanan ne ban yarda ba.

Mai fassara: Lokaci na tafiya. Na rubuta: rumbun bayanan halayen iri, na kowa da kowa. Inda ake maganar zangarniya sai in ce siffa.

Ɗan Tarna: Ka gyara mini inda na ce kilo a eka, hekta ba eka ba, kada a ce Tarna ta Maradi ta bar Nijar ta koma Najeriya.

Baba na Tibiri: Ku watsa. Ni gadon iri zan ci gaba da cewa.