Neman shawara: sauya swici a ƙaramin ofishinmu

Mai Zanen Gini:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ofishinmu na zanen gine-gine ne a Kano, kwamfuta 11 da firinta 2. Swicinmu, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocinmu da juna, tsoho ne, mai kafa 16 na jona kebul, gudunsa 100 Mbps. Manyan fayiloli na ɗaukar lokaci kafin su iso daga saba (kwamfutar da muke ajiye fayiloli a kanta), har mutum ya gaji da zama. Za mu kuma saka kyamarorin tsaro 4. Idan na sayi na gigabit, wato mai gudun 1000 Mbps, intanet ɗinmu zai ƙara sauri?

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam. Intanet ba zai ƙaru ba idan abin da kamfanin intanet ke ba ku bai kai 100 Mbps ba. Amma tsakanin kwamfutocinku za ka ga canji sosai: fayil mai 1 GB da ke cin kusan minti ɗaya da rabi zai wuce cikin kamar daƙiƙa 10. Sayi mai kafa 24, domin 16 ya riga ya yi muku kaɗan.

Mai Jan Waya:
Yallaɓai, ka fara duba kebul. Gigabit na buƙatar duka siraran wayoyi 8 da ke ciki, kebul ɗin ya zama samfurin Cat5e ko Cat6, kada tsawo ya wuce mita 100. Na sha buɗe kan kebul na tarar 4 kawai aka matse. Irin wannan a 100 zai tsaya, ko nawa ka kashe.

Injiniya:
Gaskiya ne. Kyamarorin kuma ka nemi swici mai PoE, kebul ɗaya ya kai musu wuta da bayanai. Ka ɗora swicin kan UPS, wato na'urar ajiyar wuta mai batir, saboda ɗaukewar wuta.