Marsandi C300 ta ƙi tashi, sitiyari a ƙage, a taimaka

Abban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. C300 ce ta 2010, wajen ƙanin matata na saye ta bara, har yanzu akwai cikon kuɗinsa a kaina, shi ya sa ban so ya ji. Tun watan jiya sai na zare makulli na mayar sau biyu ko uku kafin ta tashi. Yau kuwa shiru. Makulli na juyawa, dashbod ba wuta, amma hon da fitila lafiya. Bakanikena ya ce kiki ne, har na tura kuɗi. Jibi ina da ɗaurin aure a Zariya.

Oga Sani Rewaya: Alhaji karɓo kuɗinka, ba kiki ba ne. ESL ne, makullin sitiyari na lantarki, ciwon W204, wato samfurin motarka, ke nan. In ka sa makulli, kana jin wannan ɗan ƙaran "zzt" a ƙasan sitiyari? In babu, ƙaramar motar lantarki da ke cikin ESL ce kabon ɗinta ya cinye, kuma sai ta janye sakata EIS, wato na'urar da kake sa makulli a ciki, ke ba da izinin tashi. Ka daina gwadawa, cif ɗin ciki yana iya toshewa, lokacin canjin ƙaramar motar kaɗai ba zai wadatar ba.

Maigaskiya: A fara auna batir dai. Ƙasa da volt 12.4 a yi caji tukuna.

Abban Khalifa: Batir sabo ne. Kuma bakaniken nan shekara 8 yana min aiki.

Ɗan Panteka: Matsalar ke nan, kowa da sifana ya zama likitan Marsandi. Yallaɓai, wani ya riƙa bubbuga ƙasan sandar sitiyari a hankali kana sa makulli. In ya buɗe kar ka kashe, wuce wajen mai kwamfuta.

Oga Sani Rewaya: Bugun na sau ɗaya ne. A buɗe, noti 13 za a kwance a tura ƙusar ciki ESL ɗin ya fito. A kulle kuwa ƙusar ba ta shiga, sai an sauke sandar an huda. A sa emulator, na'urar da ke kwaikwayon ESL, a haɗa shi da makullinka da EIS, an huta.

Maigaskiya: Emulator ai sitiyari ba zai ƙara kullewa ba. A canja motar ciki kawai.

Abban Khalifa: To bari ya sa kikin mu gani, tunda an riga an saya.

Oga Sani Rewaya: Ƙaran nan fa, kana ji ko ba ka ji?