Wurin ɗaure kekuna a ƙofar islamiyya: wanne ƙarfe za mu ƙera?

Sakataren Kwamiti:
Assalamu alaikum. Shawarar wanda ya taɓa yi nake nema. Islamiyyarmu tana Tudun Wada, Kaduna. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 iyaye suka rage kawo yara a mashin, kekuna suka yi yawa. Da la'asar sai ka tarar da kusan ashirin jingine da katanga, ɗaya ya zame duk su bi shi ƙasa. Kwamiti ya ɗora mini a yi musu wurin ɗaurewa a waje, tsakanin katanga da kwata, faɗin wurin bai wuce mita 2 ba. Na ga masu walda biyu a kasuwar Panteka. Na farko ya ce dogon ƙarfe mai tsaga-tsaga na rodi, a riƙa cusa tayar gaba, ₦85,000 har fenti. Na biyu ya ce a lanƙwasa fayif kamar harafin U a kife, guda 10, a binne ƙafafun cikin kankare, kowanne ya ɗauki keke biyu, ₦240,000. A hannunmu ₦150,000 ne. Wanne ya fi? Kuma sai an nemi izini, tunda wajen katanga ne?

Ɗan Kawo:
Wa alaikumus salam. Ku shigar da su cikin makaranta kawai, maigadi ya sa ido.

Sakataren Kwamiti:
Malam, tsakar makarantar ma aji ce, tabarmi ake shimfiɗawa.

Na Rigasa:
Ni da na ga keke ashirin na ɗauka Napep ake nufi, har na fara lissafin kuɗin tikitin da islamiyya za ta riƙa karɓa.

Baban Walid:
Sakatare, don girman Allah kar ka yi mai tsagar nan. Burodi nake kai wa shaguna a keke, daga Kakuri har Barnawa, Phoenix ce tsohuwar ƙira mai kariya da na ƙara wa rodi. Wata rana na tsaya karɓar kuɗi a wani rukunin shaguna, suna da irin wannan ƙarfen a bakin ƙofa. Na cusa tayar gaba, na zagaya sarƙa, na datse kwaɗo. To ƙarfen gajere ne, sarƙa ba ta kai jikin keken, iyakarta wili. Mai shagon ya tsaya ƙirga canji yana ba ni labarin ƙwallo. Da na fito, sarƙata tana nan, kwaɗona yana nan a kulle, tayar gaba tana nan tsaye abinta. Keken ne babu. Noti biyu kawai suka kwance da sifana 15, suka ɗauki sauran har da kwalin burodin mutane. Na je wajen maigadi, ya ce shi motoci aka ɗauke shi gadi. Haka na rungumi taya na taka har gida, yara suna bina da kallo. Kuɗin burodin sai da na biya gidan burodi daga aljihuna, kafin in haɗa na wani keken masu shaguna da yawa sun koma wajen wani. Har yau ban dawo da su duka ba.

Maman Ilham:
Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri, Baba.

Na Rigasa:
Amin. Amma dai an bar maka jari, saura firam da tayar baya.

Baban Walid:
Yaro, ranar da aka bar maka hular kwano aka tafi da mashin za mu zo jaje.

Injiniya U/Rimi:
Abin da ya sami Baban Walid shi ne aibin wannan ƙirar a ko'ina. Mai kama da U ɗin ana kiransa da sunan birnin Sheffield na Ingila, amfaninsa keke yana jingina da jikinsa gaba ɗaya, ka ɗaure firam da taya a tare. Awon da aka saba: fayif mai kaurin inci 2, tsayi daga ƙasa kamar santimita 75, tazarar mita 1 tsakanin kowane biyu don kawunan kekuna kada su sarƙe. Amma Sakatare, duba wurinka. Keken babba ya kai mita 1.8, idan ka jera su miƙe tayar baya za ta leƙa kwata, mai wucewa kuma ya sauka titi. A karkace za ka kafa su. Sannan guda 10 suna son katanga mai tsawon fiye da mita 10. Ka auna?

Oga Mai Walda:
Injiniya, a takarda kuke aiki, mu a wuta. ₦240,000 an tsuga masa. Ni zan yi guda 10 a ₦130,000, baƙin fayif, jan fenti a ƙasa, kore a sama.

Injiniya U/Rimi:
Baƙin fayif a bakin kwata? Damina biyu gindinsa zai rube da tsatsa. Galbanaiz ake sawa, wanda ba ya saurin tsatsa, kuma mai kauri. In siriri ne, zarto ke cinye shi nan take.

Oga Mai Walda:
To je ka tambayo kuɗin galbanaiz yau ka dawo. Mutum ya ce ₦150,000 gare shi.

Ɗan Kawo:
A masallacin layinmu ₦60,000 muka kashe bara har siminti.

Oga Mai Walda:
Guda nawa? Wane fayif?

Ɗan Kawo:
Huɗu. Fayif ɗin tsohuwar rijiyar burtsatse ne wani Alhaji ya bayar.

Oga Mai Walda:
To ka gani. Kyauta ba farashi ba ce.

Mai Gyaran Keke K/Barci:
Ku duka ba ku ga ƙarshen abin ba, wajena yake zuwa. Wilin da ya lanƙwashe a cikin tsagar nan ba ya ƙirguwa. Yaro ya jingina da keken ɗan'uwansa, nauyi duk ya koma kan taya, sifok ya tsinke, wili ya karkace. Tsagar ma ba ta dace da kowa ba, tayar gwanjo mai faɗi ba ta shiga, siririya kuma tana lilo. A gaskiya ciniki yake kawo mini, amma amanar yara ce.

Maman Ilham:
Ba wanda ya yi maganar ƙananan kekuna. Na Ilham ko gwiwar babba bai kai ba, ina za ta ɗaure a ƙarfe mai tsayi haka? A gitta wani ƙarfen ta ƙasa-ƙasa. Kuma kar a yi baƙin fenti, ranar watan Afrilu tana sa shi ya ƙona hannu.

Injiniya U/Rimi:
Hajiya ta fi mu lura. Wannan ƙarfen na ƙasa har makaho yana taimaka wa, sandarsa ta taɓa ya san akwai abu a gabansa.

Baban Walid:
Duk wanda ba a taɓa sace wa keke ba ya rage murya. Ni ko U ɗin ne ban yarda da shi ba sai da sarƙar mashin. Kwaɗon ₦1,500 da iyaye ke saya wa yara, dutse ɗaya ne.

Sakataren Kwamiti:
Na gode ƙwarai. Katangar mita 9 ce. Ina tunanin guda 6 na galbanaiz yanzu, sauran in an samu. Maganar izinin fa?

Malamin Firamare:
Abin da ya shafi gini da bakin titi KASUPDA ce, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, ka je ofishinsu da zanen wurin kafin ka zuba siminti. Ka fara sanar da mai unguwa.

Ɗan Kawo:
Mu ba mu tambayi kowa ba.

Malamin Firamare:
Naku a harabar masallaci yake, nasa a waje. Kuma Sakatare, izini ba shi ne babbar matsalarka ba. Mu da ƙusoshi aka ɗaure namu a kan daɓe, hutun ƙarshen zango ɗaya aka yi, muka dawo sai ramuka. 'Yan jari bola sun kwance shi kaf. In za ka binne, a walda guntun rodi a gicciye a gindin kowace ƙafa, kankare ya riƙe.

Na Rigasa:
Wato a ɗaure keke a ƙarfe, a nemo abin da za a ɗaure ƙarfen.

Maman Ilham:
Mutanen nan sun addabe mu. Murfin kwalbatin layinmu sun ɗauke, da daddare wata tsohuwa ta faɗa ta karye a ƙafa. Tukunyata ta suyar awara ma a ƙofar gida ta ɓace.

Oga Mai Walda:
Hajiya, ba duka ne ɓarayi ba, rabin ƙarfen da muke aiki da shi daga hannunsu yake fitowa. Masu sayen da ba sa tambaya su ne matsala.

Baban Walid:
Au, ashe ku ne masu sayen. To Oga, duba mini cikin tarin ƙarfenka ko akwai Phoenix baƙa marar tayar gaba.

Oga Mai Walda:
Baba, a yi haƙuri, ni ƙofa da taga nake yi. Hajiya, kwalbatin naku faɗinsa nawa? In na kankare za ku zuba, ina da mai yi a Kawo.