Sakamakon FFA ɗinmu baya tsayawa waje ɗaya, laifin buret ne ko mu sayi na dijital?

Ɗan_Lab_Kano:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka daɗe a aikin lab ku taimaka min da shawara. Ina aiki a ɗakin gwajin wani ƙaramin kamfanin tace man gyaɗa da na waken suya anan Kano, mu biyu ne, ni da safe abokin aikina da dare, kuma gwajin da mukafi yi kullum shine FFA, wato auna kason sakakken asid da ke cikin mai (free fatty acid). Matsalar itace tanki ɗaya mai ɗaya, ni in samu 0.18 shi ya samu 0.25, wani lokacin ma ni kaɗai in maimaita a take sai inga lambar ta motsa. Yanda mukeyi shine mai giram 10, etanol mai ɗumi, fenoftalin (sinadarin da yake komawa ruwan hoda in asid ya ƙare), sai ruwan NaOH (kostik soda) mai ƙarfin 0.1 N da muke ɗigawa daga buret, wato dogon bututun awo mai famfo, na gilashi mai mil 50 wanda aka rubuta B a jikinsa. Oga ya gaji saboda masu sari suna kai samfur wani lab su dawo masa da wata lamba daban, yace in kawo masa farashin buret na dijital ko ma injin taitireshan, wato mai yin wannan ɗigawar da komai da kansa. Wlh bana so in sa shi ya zuba kuɗi sannan matsalar tana nan. Shin buret ɗin ne? In zamu saya wanne ya dace damu?

Malam_Analitikal:

Wa alaikumus salam ƙanina. Kafin maganar saye zo muyi lissafi da lambobinka. FFA a matsayin oleik asid shine V (mil ɗin NaOH da ka ɗiga) sau N (ƙarfin NaOH ɗin) sau 28.2 a raba da nauyin mai. Giram 10, FFA 0.2, NaOH 0.1 N, kaga mil 0.7 kacal kake ɗigawa gaba ɗaya. To ɗigo ɗaya daga bakin buret kusan mil 0.05 ne, wato ɗigo guda ya kai kashi 7 cikin 100 na duk abinda ka zuba. Buret mai mil 50 ajin B kuskuren da ƙa'idar ISO 385 ta yarje masa shine mil 0.10 sama ko ƙasa, ajin A kuma 0.05, layukan jikinsa ma 0.1 ne tsakaninsu, kuma sau biyu kake karantawa, farko da ƙarshe. Tsakanin 0.18 ɗinka da 0.25 ɗin abokinka mil 0.25 ne, ɗigo biyar kenan. Abinda kukeyi kamar mutum ya ɗauki ɗan kunnen zinare ya ɗora a sikelin buhu na 'yan Dawanau ne, sikelin lafiyarsa ƙalau amma ba aikinsa bane.

Gyaran farko bazai ci maka ko sisi ba, ƙara yawan man. Hanyar AOCS, ƙungiyar masana sinadaran mai ta Amurka, ai ba giram 10 tace ba, in ana sa ran FFA tsakanin 0.2 da 1.0 giram 28.2 ake aunawa, in ƙasa da 0.2 ne giram 56.4. Ba a banza aka zaɓi wannan lambar ba, da giram 28.2 da 0.1 N duk mil ɗin da ka karanta ka raba da goma shine FFA ɗinka, mil 2 shine 0.2. Da 56.4 kuma zaka ɗiga mil 4, ɗigo ɗaya ya dawo kashi 1 da ɗan abu maimakon 7. Giram kaɗan ɗin nan na ɗanyen mai ne mai asid da yawa, shi giram 7.05 ake sawa da 0.25 N, ina zargin daga nan aka gado al'adar aka ɗora akan tataccen mai.

Na biyu ku nemi buret mai mil 10 ajin A ko AS (ajin A mai saurin sauke ruwa) mai layukan 0.02, kuskurensa 0.02 ne. Kuɗinsa bai kai ko kusa da na dijital ba. Ka duba wanda yazo da takardar shaida ta lambar rukunin da aka yi shi, saboda buga harafin A a jikin gilashi ba wuya bane kuma kasuwa cike take da irinsu.

Hajiya_QC:

Duk abinda Malam ya faɗa haka yake, amma ni gsky tambayata itace yaushe rabonku da tantance ainihin ƙarfin NaOH ɗin? Dan a labs ɗinmu da yawa sai a auna giram 4 a narkar a lita ɗaya a manna takarda a rubuta 0.1 N shikenan, a yita aiki dashi har ya ƙare. NaOH baya zama yanda ka barshi, tun yana kan sikeli yake jan danshi, in ya narke kuma yana shan iskar CO2 ya koma kabonet, ƙarfinsa yana raguwa kai baka sani ba, sai ka dinga zuba fiye da kima FFA ɗinka ya dinga hawa. Ku sayi KHP, garin asid ne da ake auna ƙarfin NaOH dashi, ku busar a oben wajen digiri 110 na awa biyu, ya huce a desiketa (mazubi mai hana danshi), ka auna giram 0.4 a sikeli mai lamba huɗu bayan ɗigo, ka narkar ka ɗiga masa NaOH ɗin. Nauyin mol ɗinsa 204.22 ne dan haka in NaOH ɗin 0.1 ne da gaske zai ci kusan mil 19.6, anan ne buret mai 50 ko 25 yake da amfani. Lambar da ta fito ita zaka sa a lissafi ba wadda ke kan takarda ba. Kuma ruwan da zaka haɗa NaOH ɗin a tafasa shi ya huce tukunna, a ajiye a jarkar roba mai murfi sosai, banda kwalbar gilashi mai murfin gilashi dan zai liƙe.

Sai etanol. Shi kansa yana da ɗan asid, dole kafin ya taɓa mai ka sa masa fenoftalin ka ɗiga NaOH har ya nuna ɗan ruwan hoda kaɗan. In kai kanayi abokinka bayayi, ko shi yana kaiwa ya yi jajir, to a mil 0.7 wannan kaɗai ya isa ya raba ku.

Wani abu kuma da ba'a cika faɗa ba, kai da rana kake gani shi da dare ƙarƙashin kwan fitila. Ruwan hodan da ake nema mai haske ne sosai wanda zai tsaya daƙiƙa 30 kana girgizawa, cikin mai mai launin ɗorawa kuwa ido baya kama shi da wuri in hasken ja ne. Ku sa farin tayil ko farar takarda ƙarƙashin filas, ku sa farar fitila, ku zauna rana ɗaya ku biyun kuyi samfur ɗaya tare har ku yarda da kalar da zaku dinga tsayawa akai. Ka leƙa ƙasan famfon buret ɗin kuma kafin ka fara, akwai kumfar iska da take laɓewa tsakanin famfo da baki, in ta fita ana tsakiyar aiki zaka karanta ruwan da bai taɓa shiga filas ba. Ka buɗe famfon gaba ɗaya da ƙarfi ta fita. In bayan ruwa ya sauka kana ganin ɗigo-ɗigo manne a cikin gilashin to akwai maiƙo, a kamfanin mai kuwa wannan kullum ne, sai an wanke har ruwa ya dinga sauka sumul.

Ɗan_Lab_Kano:

Nagode sosai Malam, nagode Hajiya, Allah ya ƙara ilimi. Famfon namu na gilashi ne kuma yana yawan ƙagewa muna shafa masa giris, ko shima yana da hannu? Sannan ya zan tabbatar buret ɗin da zan saya ajin A ne da gaske?

Mai_Kalibireshan:

Yana da hannu mana. Alkali yana cin gilashin famfo, shiyasa yake ƙagewa, giris ɗin kuma in yayi yawa shi yake gangarowa ya toshe baki ya ɓata ciki. Na NaOH ka nemi mai famfon PTFE, farin nan kamar roba, baya son giris sam, kuma kar a bar NaOH ya kwana a buret, a juye a ɗauraye da ruwan distil.

Maganar tabbatarwa, sikeli shine alƙali. Ka cika buret da ruwan distil da ya zauna a ɗakin har zafinsu ya zama ɗaya, ka auna zafin ruwan, ka sa ƙaramar kwalba mai murfi a sikeli, ka sauke daga 0 zuwa 2 ka auna, 0 zuwa 4, haka har 10, ka maimaita. Amma kar ka ce mil 10 dole ya baka giram 10. Ruwa a digiri 20 nauyinsa 0.9982 ne kowane mil, a 30 kuma 0.9957, in aka haɗa da ɗan tallafin da iska take yiwa abin da ake aunawa, mil 10 a digiri 30 wajen giram 9.95 zai nuna, fifet (bututun ɗibar ƙayyadadden ruwa) mai mil 25 kuma wajen 24.87. Na sha ganin an yar da fifet mai kyau saboda an ga 24.87 ance ya gaza. Teburin gyaran yana cikin ISO 4787. Yawancin gilashin da ake kawo mana akan digiri 20 aka daidaita su, zaka ga an rubuta a jiki, duk da ƙa'idar ta bada damar 27 ga ƙasashe masu zafi. Daga 20 zuwa 35 ruwa yana buɗewa da kusan kashi 0.4 cikin 100, a FFA 0.2 wannan ba abin damuwa bane, amma in ka tantance NaOH da sanyin asubar hunturu kazo kana aiki dashi a zafin Afrilu to ka sake tantancewa.

Ka lura da rubutun Ex da In. Buret da fifet Ex ne, wato awonsu na ruwan da ya fita ne, an riga an lissafa ɗan ruwan da yake saura a baki, dan haka ba'a hura fifet. Filas na awo In ne, wato awonsa na ruwan da ke cikinsa ne. In AS ne buret ɗin ka jira daƙiƙa 30 kafin ka karanta, idonka daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan. Mai shuɗin layi a baya, Schellbach, yana sauƙaƙa karatu sosai, ga masu aikin dare ina ganin ya cancanci ɗan ƙarin kuɗin.

Wani zai ce maka ka ɗau maikurofifet ka dinga ɗiga NaOH tunda kaɗan ne, kar ka yarda. Mai 1000 µL, wato mil ɗaya, ISO 8655 ta yarje masa kuskuren µL 8, kuma 8 ɗin nan tana nan ko ka juya shi zuwa 100, kaga ya zama kashi 8 cikin 100 kenan.

Injiniya_Bompai:

Ni zan ɗan saɓa kaɗan, kar a sa yaron nan ya ɗauka na dijital ɓarnar kuɗi ne. Irin su Titrette na kamfanin Brand na Jamus ko Solarus na Hirschmann akan kwalbar ake ɗaura su, babu cika buret babu karanta layi, lamba ce take fitowa har 0.01, kuma ana iya sa masa bututun soda laim a mashigar iska ya tare CO2. Inda mutum biyu suke karɓa-karɓa yana kashe rigimar karatu gaba ɗaya, in samfur yana da yawa a rana kuma yana rage gajiya. Abinda baya yi shine ganin kala, har yanzu idonka ne zai ce tsaya, kuma in NaOH ɗin ya lalace zai baka lamba mai kyan gani wadda ba daidai ba. Shima fiston ne a ciki, yana buƙatar gwajin sikeli akai-akai kuma in NaOH ya bushe a bawul ɗinsa sai ya fara tsiyaya.

Injin taitireshan irin na Metrohm ko Mettler Toledo shi ne yake cire ido daga lissafi dan da elektirod, wani tsinke da ake tsomawa cikin samfurin, yake gane inda za'a tsaya, kuma ISO 660 ta amince da wannan hanyar. Amma elektirod ɗin na musamman ne na abin da ba ruwa ba, ana cika shi da LiCl cikin etanol, yana tsufa a canza, ga maganar wuta sai da inbata mai kyau, ga wanda zai gyara in ya tsaya. Baku buƙatarsa sai in kuna yawan gwada ɗanyen mai mai duhu da fenoftalin baya nunawa, shima kafin nan a gwada alkali bulu 6B ko timoftalin a madadin fenoftalin.

Hajiya_QC:

Injiniya ban ƙi ba, amma ya fara da wanda ba na kuɗi ba ya ga inda ya tsaya. Ƙanina ka ɗebi mai lita ɗaya daga tanki ɗaya ka girgiza sosai ka rufe, kai kayi sau uku da giram 28.2 abokinka yayi sau uku da NaOH ɗin da kuka tantance, ku rubuta mil ɗin da kuka karanta ba FFA kawai ba, sauran man kuma ku kai lab ɗin da masu sarin suke kaiwa. Ka tambaye su ma ko FFA suke rubutawa ko asid balu (acid value, wani ma'aunin asid ɗin mai ne daban), dan asid balu kusan ninki biyu ne na FFA, iyakar Codex, ƙa'idar abinci ta duniya, ta tataccen mai 0.6 ce a asid balu wato wajen 0.3 a FFA, kuma ana yawan cakuɗa su a takarda. Ka turo mana lambobin nan in kun gama mu duba tare kafin ka kaiwa oga farashi.